Bashin gero

A Mai Yara, cikin ƙasar Dakoro, akwai wata yarinya mai son lissafi. Ran nan mushe ya rubuta a allo: (−3) × (−4) = +12. Ta hardace kamar kowa, amma zuciyarta ba ta yarda ba. Ina aka taɓa jin rashi da rashi sun haifi samu?

Shekarar nan rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka. Sau uku babanta yana zuwa gidan kawunta cin bashin gero, tiya huɗu kowane zuwa. Ita kaɗai ta iya boko a gidan, saboda haka ita ke rubutawa a bayan littafinta. Kowane bashi layi guda: −4. Layi uku sun zama 3 × (−4) = −12. Wannan bai ba ta wuya ba, don kullum tana ganinsa a fuskar babanta.

Kaka ta zo, gero bai yi yabanya ba. In aka biya tiya goma sha biyu, sai an taɓa iri. Wanda ya ci iri kuwa, me zai shuka baɗi?

Da maraice sai ga kawu. Bayan gaisuwa ya ce: "Ɗiyata, kawo takardar nan. Soke min layin farko."

Ta soke.

"Soke na biyu. Soke na uku. Na yafe."

Babanta ya yi ta godiya. Ita kuwa ta ƙura wa takarda ido. Ba a zuba ko ƙwaya ɗaya a rumbu ba, amma duk layin da ta soke, tiya huɗu ta zauna musu a gida. An ɗauke abu sau uku, −3 ke nan. Abin da aka ɗauke bashin tiya huɗu ne, −4 ke nan. Gidansu ya samu tiya goma sha biyu.

Tun shekara ta 628 wani masani na ƙasar Indiya, Barahmagubta, ya rubuta wannan ƙa'ida. Shi ma da bashi da dukiya ya kira lambobinsa.

Washegari ta riga kowa zuwa lakwal. Ta roƙi mushe alli, ta rubuta −4 sau uku a allo, ta tsaya da tsumma a hannu tana jiran ƴan ajinsu su shigo.