Baturen da ya koyi karatun sanƙarau a Zariya

Duk damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a Katsina da Kano da Sakkwato, har su Maraɗi da Damagaram, suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Iyaye mata sun saba da su. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan tsari ya yi shekara 10 yana duba marasa lafiya a Zariya.

Sunansa Brian Greenwood, likita ɗan Ingila, haihuwar 1938. Ibadan ya fara sauka a 1965, sannan a 1970 ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da tsangayar likitancinta ke rarrafe. A nan sanƙarau ya ja hankalinsa, musamman bayan annobar da ta auka wa Zariya a 1977. Shi da abokan aikinsa, irin su Hilton Whittle da Dakta S. S. Wali, sun tsaya a kan tambayar da kowace tsohuwa ta san rabin amsarta: me ya sa ciwon nan yake zuwa da zafi, ruwa na sauka kuma ya ɗauke? Suka riƙa ɗaukar samfuri daga maƙogwaron mutane masu lafiya, rani da damina. Sai ga shi ƙwayar cutar tana yawo tsakanin jama'a duk shekara. Abin da ke sauyawa shi ne yawan waɗanda take kayarwa. Hasashensu shi ne busasshiyar iska mai zafi da ƙura ce ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini.

A Zariyar dai aka gwada allurar kuloramfenikol mai mai, wadda sau ɗaya ake yi maimakon a yi ta tsira wa majiyyaci allurai dare da rana har kwanaki. Ku tuna da asibitin ƙauye mai ma'aikaci ɗaya da majiyyata jibge a ƙarƙashin bishiya, za ku gane girman wannan. Shekaru da dama ita ce madogara duk lokacin da annoba ta ɓarke a Sahel.

A 1980 ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar bincike ta MRC na shekara 15. Can ne aka yi gwajin da aka buga a 1991, wanda ya nuna gidan sauro mai magani ya rage mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da fiye da rabi a ƙauyukan da aka gwada. Matashin da ya ja ragamar aikin a ƙarƙashinsa, Pedro Alonso, shi ne daga baya ya shugabanci sashen yaƙi da maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ni a ganina, darasin Zariya ne ya bi Greenwood ko'ina: cuta tana da lokacinta, ka san lokacin, ka tare ta a ƙofa. Tunda a yankinmu zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa a 'yan watannin damina, to a ba yaro magani a watannin nan kawai, ko lafiyarsa ƙalau. An gwada a Senegal, Mali da Burkina Faso, a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Sanƙarau ma bai sake shi ba. Bayan annobar 1996 da ta ci rayuka kusan 25,000 a Afirka, an samar da rigakafin MenAfriVac a 2010, kuma yana cikin waɗanda suka auna tasirinsa a Cadi, inda aka ga ciwon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi wa jama'a allurar.

Lambobin yabo ya samu, har da ta Hideyo Noguchi ta ƙasar Japan a 2008. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke auna malaman jami'a a yau da yawan maƙalun da suka tara don ƙarin girma, ko da babu wadda ta taɓa sauya yadda ake jinyar yaro ɗaya. Binciken Zariya ba a yi shi da manyan na'urori ba. Rajistar asibiti ce da aka cika da gaskiya, da auduga a kan tsinke, da haƙurin ƙirga mutane shekara bayan shekara. Kuma 'yan ƙasa suna ciki tsundum, sunayensu na kan takardun.

Aikin bai ƙare ba. Nau'in sanƙarau na C, wanda allurar MenAfriVac ba ta karewa, ya yi ɓarna a Zamfara a 2017. 'Yan'uwa matasan likitoci da ɗaliban lafiyar al'umma, ku nemi waɗannan takardu na Zariya ku karanta, sannan ku je ku duba halin da rajistar asibitinku take ciki.