Katakon Zamiya Mai Faɗi da Ɗana na Fari

Ku yi mini haƙuri, domin abin da zan ba ku labarinsa yau ba a kasa shi a kasuwar Garwa, ko an kasa ma babu mai tayawa. Katako ne biyu dogaye da ake ɗaurawa a ƙafa a zame da su a kan dusar ƙanƙara, Turawa suna ce musu siki. Da su nake cin abinci shekara 20 da ɗoriya, kuma su ne suka kusa shiga tsakanina da ɗana.

Na zo garin Giranobul na ƙasar Faransa a 1999 da niyyar karatu, amma guzuri ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Garin kuwa duwatsu ne suka kewaye shi, a nan aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 1968, inda Jean-Claude Killy ya lashe zinariya uku. Sai Allah ya haɗa ni da wani shagon hayar siki a kan dutse. Aikina shi ne wasa ƙarfen gefe, da shafa kaki a ƙasan katakon, da daidaita maɗaurin takalmi gwargwadon nauyin mutum.

To, shi siki a ƙugunsa ake auna shi, wato tsakiya inda ƙafa take zama. Na hanyar da mota ta daddaɓe da dare siriri ne, milimita 65 zuwa 80. Wanda nake magana a kai yakan kai 100 har 120. Wanda ya taɓa ganin jaki da raƙumi sun shiga rairayi tare ya riga ya gane dalili: kofaton jaki nitsewa yake yi, tafin raƙumi kuwa shimfiɗuwa yake yi a sama. Sabuwar dusa idan ta kwana tana zuba kamar gari ce da aka tankaɗe, tana iya kai wa mutum gwiwa ko ƙugu. Siririn katako sai ya lume ya kā da kai. Mai faɗi kuwa sai ya ɗauke ka.

Kamfanin Atomic na ƙasar Ostiriya ya fito da irin masu faɗin nan tun 1988, mutane suna yi musu dariya. A 2002 wani gwani mai suna Shane McConkey ya kawo wata dabara da ya aro daga katakon zamiya a kan ruwa: maimakon tsakiyar katako ta gantsare sama kamar baka, sai aka ɗaga gaba da baya kamar hancin kwalekwalen Binuwai. Daga nan aka sami waɗanda samari suke cewa masu wasa ne. Bakinsu da wutsiyarsu suna da laushi, maɗaurin ya matso tsakiya, mutum yana iya juyawa nan take tsakanin itatuwa, ya tashi sama daga kan tudu, ya sauka da baya ya ci gaba. A kan ƙanƙara mai tauri kam ba su da daɗi, karkarwa suke yi, su gajiyar da gwiwa. Shi McConkey ya rasu a 2009 a duwatsun Italiya, wajen tsalle daga kan dutse da siki da laima.

Ga inda nake da ƙorafi da katakon nan. A da, kafin mutum ya iya shiga dusa mai zurfi sai ya shekara da shekaru yana faɗuwa, a cikin faɗuwar nan yake koyon tsoron dutse. Yanzu yaro yakan sami ƙafa kafin ya sami hankali. Su kuwa wuraren da ake zuwa da shi ba a share su ba, ba a tsare su ba, can ne dusa take zaftarewa ta binne mutum. Kullum hukuma tana ba da sanarwar haɗarin daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, saboda a ranar ne mutum yake ganin ai da sauƙi. Wata shekara na ba wani baƙo haya da hannuna, ƙafa biyu. Sai da bazara ta shigo dusa ta narke aka dawo mana da ƙafa ɗaya.

Ɗana, wanda ba zan kama sunansa ba tun da na fari ne, a nan aka haife shi. Tun yana shekara huɗu makaranta take kai su dutse. A hunturun 2023 ya same ni a shago ya ɗauko wani mai faɗin 112 ya ce, "Baba, wannan nake so." Na duba farashi, yuro 700, wajen jaka 460 ke nan a kuɗinmu, alhali rufin ɗakin tsohuwata a Garwa yana yoyo. Na ce a'a, ban kuma gaya masa labarin ƙafa ɗayan nan ba. Mako biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Uwarsa ce ta warware. Ta ce, "Malam, in ka hana shi, na abokai zai ara ya tafi ba ka sani ba. Gara ya tafi ka san inda ya nufa." Na kwana ina juya maganar, na rasa ta inda zan kushe ta.

Sai na gindaya masa sharuɗɗa. Kuɗin, shi zai nema da hannunsa a shago ranakun hutu. Kafin katako sai ya sayi na'urar da ake ratayawa a ƙirji mai nuna inda aka binne mutum, da shebur, da doguwar sandar caka dusa, ya kuma yi horo wajen jagoran dutse, domin wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yakan rayu, bayan haka sai ikon Allah. Na ƙarshe, ya buga wa kakarsa waya ya bayyana mata abin da zai saya, da Hausa, ba tare da na sa baki ba.

Wannan na ƙarshen ya fi ba shi wuya. Hausarsa ta gida ce, ta "kawo ruwa" da "na ƙoshi". Ya yi ta kame-kame, ya ce itace ne, ya ce takalmi ne, ya ce ana gudu da shi a kan ruwan sanyi. Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Angona, wato kuɗin sadakina za ka kai wa masassaƙi?" Ya yi dariya har da hawaye. Daga albashinsa na farko ya ware jaka 50 ya ce a sa a kwanon rufi, ni kuwa na cika sauran.

A watan Fabrairu na 2025 na raka shi La Grave, wani ƙauye a gindin dutsen La Meije, wanda kaɗan ya rage ya kai mita 4,000. Dutsen Kamaru ma ya ɗan ɗara shi. Motar igiya tana kai mutane har mita 3,200, daga can babu shararriyar hanya zuwa ƙasa, kowa da jagoransa da ƙaddararsa. Sanarwar ranar mataki na 2 ce. Ni da kaina na ɗaure masa maɗaurin, na gwada na'urarsa sau biyu, ya ce, "Baba, ai ta yi ƙara." Na sake gwadawa.

Suka hau su biyar da jagora. Na zauna a ƙasa da kofin shayi da carbi, shayin ya huce ban kurɓa ba. Can wajen azahar na hango ɗigo-ɗigo suna fitowa daga cikin itatuwa. Na ƙirga huɗu. Na miƙe tsaye. Sai ga na biyar da na shida, na ƙarshen da jar hula, yana tahowa da baya, yana ɗaga mini sanda.