Ni Na Jawo wa Akuna Tsigar Gashi

Akun da ke gidanmu a Kazaure, irin mai ruwan toka da jar wutsiya, ya taɓa tsige ƙirjinsa har ya zama fata zalla, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Surutunsa na asuba ne ya dami mutanen gida, sai na ɗauke kejinsa daga tsakar gida na kai ɗakin ajiya. Da hunturu ya kankama na fara tsintar gashi a ƙasan kejin. Na yanke hukunci cewa ƙuma ce, na barbaɗa masa hodar da muke sa wa kaji. Bai daina ba, na shafa masa ruwan maɗaci. Duk sanda na kama shi yana tsiga sai in daka masa tsawa. Ashe ga tsuntsun da ya yini shi kaɗai, tsawar ma ziyara ce. Ya gane tsigar ce ke kawo ni.

Sai da na ga jini a ƙarƙashin fiffikensa na garzaya da shi Kano wurin likitan dabbobi. Kansa ya fara dubawa. Gashin kai lafiya lau, inda baki ke iya kaiwa ne kawai ya ƙwaƙule, alamar shi ke yi wa kansa. Bai ga ƙuma ko ɗaya ba. Ya tambayi abincinsa, na ce gyaɗa. Gyaɗa kawai? Na sunkuyar da kai.

Wannan tsuntsu ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru har Kwango, inda iska ke da laima, yana yawo cikin garke yana cin 'ya'yan itace da kwakwar manja.  Shi na kulle cikin duhu da ƙurar hunturu, fatarsa na bushewa tana ƙaiƙayi, ga ƙarancin bitamin A saboda cin gyaɗa zalla.

Likita ya wanke raunin, ya sa masa abin wuya har ya warke. Na mayar da kejin inuwar tsakar gida, nesa da hayaƙin murhu. Kullum da hantsi ina fesa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi. Yana cin karas, gwanda, mangwaro da ɗanyen zogale. Gyaɗa sai tsaraba, mai fumfuna kuwa ko kusa. Ina sa masa totuwar masara ya yi ta ɓarza. In ya kai baki jikinsa sai in kau da kai, in ya bari in zo mu yi hira.

Gashin ya dawo sannu a hankali, ban da wani wuri kamar faɗin kwabo a ƙirji. Likita ya ce saiwar gashin wurin ta mutu, ba zai sake tsirowa ba.