Mu Ya Mu: Me Ya Sa Haƙuri Ke Ƙarewa Kafin La'asar?

Tunda mu ya mu ne, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana, bari in koma kan maganar Hajiya, don ta tsaya mini a rai. Ta ce shugabancin makaranta ya mayar da ita wata iri. Da safe ita ce mai sauraron uzurin kowa, mai rarrashin malami da ɗalibi, amma kafin la'asar ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ranta ya ɓaci, ta koma gida ta sauke kwandon faɗa a kan yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Har take tambayarmu ko halinta ne ya lalace. Hajiya, ni ban yarda ba. Na san ki tun muna 'yan mata, halinki na nan yadda yake. Abin da ke canzawa tsakanin safe da yamma a cikin kanki yake, kuma masana sun daɗe suna leƙa shi.

Kowacce ta ɗora hannu a goshinta. A bayan ƙashin nan akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe miki harshe. Shi ke auna abin da zai biyo baya idan kika faɗi magana, shi ke tuna miki cewa malamin nan da ya makara matarsa ce kwance a asibiti. Can ciki kuma, wajajen saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu, dama da hagu, da ake kira amigdala. Su aikinsu hango haɗari, kuma ba sa jiran a gama bincike kafin su tayar da jiki.

Akwai labarin da duk mai karatun ƙwaƙwalwa sai ya ji shi. Ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani ɗan shekara 25 mai suna Phineas Gage yana shugabantar leburorin da ke fasa duwatsu don shimfiɗa layin dogo. Yana cikin danna albarushi a rami da wani sandan ƙarfe, tsawonsa ya haura mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 6, sai abin ya tashi. Ƙarfen ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ya fice ta tsakar kansa. Ikon Allah, mutumin bai mutu ba, bai ma daina magana ba. Amma likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da a da ake yabo da tsari da iya tafiyar da ma'aikata ya koma mai zafin kai, mai ashar, marar haƙuri da kowa, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Waɗanda suka ɗauke shi aiki ba su mayar masa da shugabancinsa ba. Ƙarfin hannunsa na nan, ya san sana'arsa, abin da ƙarfen ya tafi da shi shi ne iya zama da mutane. Ƙarshen labarin ne ma ya fi burge ni, kuma ba a cika faɗarsa ba: daga baya ya tafi ƙasar Chile ya shekara da shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja, aikin da sai mai lura da lokaci da mutunta jama'a. Ke nan ko ƙwaƙwalwar da ƙarfe ya ratsa tana iya sake koyo.

To ke Hajiya, Allah ya tsare, ba abin da ya ratsa ki. Sai dai damuwa tana yin irin wannan aikin a ƙaramin sikeli, na ɗan lokaci. Da amigdala ta ji barazana, ko da barazanar takardar tuhuma ce daga sama ko uban yaro da ya shigo ofis yana ɗaga murya, saƙo zai tafi ga wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda. Cikin daƙiƙoƙi su saki adirenalin, zuciya ta hau bugawa, baki ya bushe. Bayan 'yan mintuna sinadarin kotizol ya biyo. Wata masaniya a jami'ar Yale, Amy Arnsten, ta shafe shekaru tana nuna cewa damuwa, musamman wadda mutum ya ji ba shi da iko a kanta, tana raunana wannan ɓangare na goshi nan da nan. Kun san idan wutar lantarki ta zo ba ƙarfi, firji ne ke fara tsayawa, ƙwan fitila kuwa ya ci gaba da ci. Haka abin yake: tunani mai zurfi da tausayi su ke fara ɗaukewa, tsawa da hararar da ba sa cin wuta su rage.

Ga kuma barci, wanda dukkanmu nan muke cin bashinsa. A 2007 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Kaliforniya sun hana wasu matasa barci na kusan awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Amigdalarsu ta zabura fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarta da ɓangaren goshi ta yi rauni. Matar da ta kwanta sha biyu ta tashi huɗu don abincin makaranta, ta yi haka wata da watanni, don Allah a ina za ta samo haƙurin yamma?

Sista, na ga kin yi shiru, kuma na san abin da ke ranki, tunda kin taɓa faɗa mana cewa yanzu mai naƙuda na kuka a gabanki amma ba kya jin komai, har abin yana ba ki tsoro. Ki saurara. A 2004 a Landan, Tania Singer ta tara ma'aurata da masoya 16. Aka sa matan a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wani lokaci a ja su da lantarki a hannu, wani lokaci a ja mazan suna sane. Wuraren da ke ɗaukar ɗacin ciwo, ciki har da wanda ake kira insula, sun motsa a duka biyun. Wato idan kika ce ciwon wani ya taɓa ki, gaskiya kika faɗa, jikinki ya biya wani abu. Yanzu ki lissafa mata nawa kika tsaya a kansu. Ƙwaƙwalwar da ake ɗora wa ciwon mutane kullum ba hutu takan rufe ƙofa don ta tsira. Wannan gajiya ce, ba bushewar zuciya ba ce.

Kuma ita Singer ɗin da abokiyar aikinta Olga Klimecki sun gano wani abu da nake so ki riƙe. Ɗaukar ciwon mutum a jikinki daban, yi masa fatan alheri da neman abin da za ki yi masa daban, hanyoyinsu ma a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. Na farko yana ƙona mutum. Na biyu yana bi ta wuraren da ke da alaƙa da ƙauna da jin daɗi, kuma ana iya koyonsa da horo. Ba a ce sai kin yi naƙuda tare da kowace mace ba. Ki riƙe mata hannu, ki kira ta da sunanta, ki gaya mata abin da za a yi yanzu.

Wani binciken Singer kuwa ya sa ni tunani a kan gidajenmu. A Zurich, a 2010, sun gwada magoya bayan ƙwallon ƙafa. Idan ɗan ƙungiyarsu ake ja da lantarki, insula ta motsa sosai, su yarda su raba ciwon da shi. Idan ɗan ƙungiyar hamayya ne, motsin ya ragu, a wasu ma har wurin jin daɗi ya ɗan haska. Ƙwallo fa kawai! Ina ga abokiyar zama, ina ga dangin miji, ina ga 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye? Tausayinmu yana da son kai, yana fara tambayar namu ne ko nasu. Ni wannan ne ya fi damuna a duk maganar, domin yaron da aka sa a layin nasu a cikin gida yana ji a jikinsa, ko ba a taɓa dukansa ba.

Mulki ma yana da tasa illar. A 2014 wasu masana a Kanada, cikinsu da Sukhvinder Obhi, sun sa mutane su tuna lokacin da suke da iko a kan wasu, sannan su kalli hannun wani yana matsa ƙwallon roba. Ƙwaƙwalwarsu ba ta kwaikwayi motsin ba kamar ta waɗanda suka tuna lokacin da suke ƙarƙashin wani. Kujera kan rage wa mutum ganin na ƙasa, shi ya sa duk mai riƙe da ita yake buƙatar wanda zai faɗa masa gaskiya ba tsoro.

Amma kar ku ɗauka mai natsuwa ba ya jin tsoro. Matuƙin jirgin saman nan Chesley Sullenberger, da tsuntsaye suka kashe masa injuna biyu ranar 15 ga Janairu 2009 ya sauke jirgi a kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira, ya sha faɗa cewa jikinsa ya ɗauka, bugun zuciyarsa ya hau. Shekaru sama da 40 na horo ne suka ba shi abin yi na farko da na biyu da na uku, sai ya tattara hankalinsa a kansu.

Mu ma muna da namu abin yi. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙa tsawo, yana taɓa wata jijiya da ta sauko daga kai zuwa ƙirji da ciki, ita kuma ta rage gudun zuciya. Ruwan sanyi a fuska ma haka. Duk wadda aka taɓa ce mata idan fushi ya zo ta zauna ko ta yi alwala, ta san ba sabon abu nake kawowa ba. Sannan ki kira abin da sunansa. Matthew Lieberman ya nuna a 2007 cewa idan mutum ya saka wa abin da ya gani a fuska suna, fushi ne ko tsoro, amigdala takan lafa, goshi ya karɓi aiki. Ki ce a ranki, na gaji, ina jin an raina ni. Ko ki gaya wa yaran, Umma ta gaji, ku ba ni minti goma.

Yaya ta ce a yi godiya, komai zai yi sauƙi. Akwai gaskiya a ciki. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun sa ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, har mako goma. Sun fi masu rubuta ƙorafi kyautata zato ga rayuwa, sun kuma rage kukan ciwon jiki. Amfanin ba mai girgiza duniya ba ne, amma yana nan, kuma ni na lura sirrin a ambaton abu takamaimai yake. Alhamdulillahi ba ta barin bakinmu, sai dai sau da yawa harshe ne ke faɗa hankali yana kasuwa. Ki tsaya ki ce don me, kuma ta hannun wa. Abin da ba zan yarda da shi ba, Yaya, shi ne a ɗauki godiya a toshe bakin wadda kaya ya yi wa yawa. A fara sauke mata wani abu tukuna. Wadda kuma ta yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba ta jin daɗin komai, wannan asibiti za mu raka ta.

Na ce mu raka ta, domin an gwada wannan ma. A 2006 James Coan ya sa matan aure 16 a na'ura suna jiran a ja su da lantarki. Da suka riƙe hannun baƙo tashin hankalin ƙwaƙwalwa ya ɗan ragu, da suka riƙe na mazajensu ya ragu sosai, kuma waɗanda zaman aurensu ya fi daɗi su suka fi samun sauƙi. Ana aron natsuwa daga jikin wani. Malamanki Hajiya daga fuskarki suke ara, ke kuma ba ki da inda kike ara, kullum ke ce mai bayarwa.

Don haka ga shawarata. Taron malamai da duk wani hukunci mai nauyi ki mayar da su safe. Rigimar iyaye ta bayan azahar ki bar wa mataimakinki, ai don haka aka naɗa shi. Idan kin dawo gida ki shige ɗaki ki sha ruwa ki zauna kafin kowa ya kawo miki ƙara, ranar da kuma kika yi wa yara tsawa ba laifinsu, ki kira su ki ba su haƙuri, ba zai rage miki girma ba. Abincin safe kuwa, babbar 'yarki ta isa ta karɓe ki kwana uku a mako. Ranar da abin ya cushe, ki kira ɗaya daga cikinmu tun kina mota, kafin ki isa ƙofar gida.