Ranar Da Na Kai Kawu Gidan Tarihin Zuru

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni Badakkare ne gaba da baya, amma ban taɓa shiga fagen kokawa ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san wannan magana daidai take da Basarke ya ce bai iya iyo ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, soja ne kamar da yawa daga 'ya'yan ƙasarmu, saboda haka a barikin Kaduna na buɗe ido, da Hausa na tashi, C'Lela kuwa, harshen iyayena, gaisuwa kaɗai nake iya haɗawa. Idan yara suka tsokane ni cewa mutanenmu masu warki ne, sai in ce ni ɗan Kaduna ne. Da wannan kunya na girma har na yi aure na haihu.

A watan Disambar 2023, bayan an gama girbi, na ɗauki ɗana mai shekara 11 muka tafi Zuru gaida Kawu, yayan mahaifiyata. Ya haura shekara 80. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu da ke yankin Danko/Wasagu, ya dawo cikin gari yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗansa, yini yake yana kallon bango. Mahaifiyata ta sha gaya mini cewa a ƙuruciyarsa samarin ƙauyuka uku suna jin sunansa suke sake shawara, amma ni ban taɓa tambayarsa komai ba.

Don in fitar da shi ya sha iska na ce, "Kawu, ko za mu leƙa gidan tarihi ka ga kayan da?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, ni za ka nuna wa kayan da? Ai ni ne kayan da." Duk da haka ya jawo sandarsa.

Da muka shiga, ni da yaron muka nufi wajen makamai, domin kuwa su ne ke ɗaukar idon baƙo. Kawu bai ko kalle su ba. Gaban kayan noma ya je ya tsaya, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya yafito jikansa.

"Zo nan, abokina, in nuna maka malamin da ya koya mini kokawa."

Yaron ya ce, "Kaka, ai wannan fartanya ce."

"Ita ce malamin."

Nan ya shiga ba shi labarin Golmo, wato aikin gona da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura har shekara bakwai, shi da tsaransa a ƙungiya, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Ya ce ƙugun da ya yini a duƙe a kunya shi ne ƙugun da ba ya tanƙwaruwa a fage, kuma hannun da ya saba riƙe ƙota idan ya damƙi mutum sai dai a ɓamɓare. Idan amfani ya shiga rumbu sai a yi bikin Uhola don godiya, a yi rawa, a yi kokawa, waɗanda suka kammala Golmo su fito a san sun zama maza. Alal haƙiƙa na sha jin waɗannan sunaye, amma sai ranar na gane ashe noma da aure da kokawa igiya ɗaya ce a wurinmu.

Can sai yaron ya yi tambaya irin ta 'yan zamani: "To Kaka, ina kofin da ka ci?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce su ba su san kofi ba. Ladan gwani shi ne suna, sai kuma abin da ke zuwa bayan mutuwa. A da, idan babban manomi ko maharbi ko gwanin kokawa ya rasu, mata masu ginin tukwane sukan gina siffa ta yumɓu a ɗora bisa kabarinsa, duk wanda ya wuce ya san wane ne ke kwance, yaro ya tambaya a ba shi labari.

Na ce, "Kawu, kai ma kana son a yi maka?"

Ya girgiza kai. "Ni mai salla ne, likkafani ya ishe ni. Abin da ke damuna shi ne mutanen da na kama da su. Kaburburansu suna can inda ba mai iya zuwa yanzu, sunayensu kuma suna nan," ya taɓa ƙirjinsa, "kuma wannan ɗakin ajiyar ya kusa rushewa."

Mai karatu, wannan magana ta hana ni barci. Na tuna na taɓa karanta labarin wani ƙauye mai suna Braemar a ƙasar Sikotland, inda tun 1832 suke taron wasanninsu na gargajiya: jifa da gungumen itace, jifa da dutse, jan igiya da sauransu. Sarauniya Biktoriya ta halarta a 1848, kuma har yau ana yin taron a Asabar ta farko ta watan Satumba. A 2019 suka buɗe wa jama'a gida na musamman don tarihin waɗannan wasanni, da kofuna da lambobi da hotuna. In ka duba da kyau, wasannin manoma da makiyaya ne kamar namu. Abin da suka fi mu da shi bai wuce alƙalami ba: wanda ya yi nasara ana rubuta sunansa da shekara.

Ba ma sai mun tsallaka teku ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar kokawa ta Takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ma ya san shi. Mu kuwa da ake yi wa kirari da ƙarfi da jarunta, gwanayenmu na ƙauye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa tarihin a ciki. Gidan tarihi ya yi nasa, ya adana fartanya da baka da tukunya. Sunan wanda ya riƙe fartanyar kuwa aikin danginsa ne, wato aikina, ni da na shekara arba'in ina cewa ni ɗan Kaduna ne.

Da muka fito, a wani fili mai yashi, Kawu ya miƙa wa jikansa sandar ya ce zai nuna masa yadda ake shiga jikin abokin karawa. Ya ce, "Ɗan nan, zo ka tsaya mini." Na matso ina dariya, ina lallaɓawa kada in ji wa tsoho ciwo. Ya kama kafaɗata, ya ɗan tura ni, ni kuma na turo, ban san lokacin da ƙafarsa ta zagayo bayan tawa ba. Ko da na ankara, ga ni zaune daɓas, masu wucewa suna tafi, ɗana har da faɗuwa don dariya.

Kawu ya ce, "Ka gani, abokina? Ba ni na kayar da babanka ba, ƙarfinsa ne. Wannan ba a sa shi cikin gilashi."

Da daddare na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na zauna gabansa. Ya ba ni sunaye 14, kowanne da ƙauyensa da irin kayen da aka san shi da shi. Uku ya tuna fuskarsu da kamunsu, amma suna ya ƙi zuwa, ya yi ta buga sanda a ƙasa yana jin haushi. Na bar musu layi uku babu komai. Da na tambaye shi shekaru goma da suka wuce, da yanzu a cike suke.

Littafin yana hannun ɗana, kuma ya fara tambayar kakarsa ma'anar kalmomin C'Lela da ke ciki. Kai ma, mai karatu, in akwai tsohon ɗan kokawa ko ɗan dambe ko ɗan sharo a gidanku, kada ka jira ranar sadakar uku kafin ka fara tambaya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da mutanenmu ƙauyukansu. Amin.