Wadan Turawa a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Akwai wani zane da masu kayan koyarwa na Turai da Amurka ke bazawa a intanet duk farkon watan Fabrairu, domin yara su cika shi da launi albarkacin ranar masoya. Wani ɗan gajeren tsoho ne da doguwar hula mai tsini ta rufe wa idanu, ba a ganin komai a fuskarsa sai dunƙulallen hanci da gemu har ƙafa, ga shi ya rungumi hoton zuciya. Turawa na ce masa “nom”. Hausa ba ta tanadar masa suna ba. Wada dai mutum ne ɗan Adam, mai uwa da uba da unguwa. Aljani kuwa ya fi ƙarfin a riƙa shafa masa launi ana dariya. Zan kira shi wadan Turawa bisa lalura, kafin masana fassara su samo abin da ya fi dacewa.

Tarihinsa ya fi kamanninsa nauyi. Sunan ya fito ne daga rubutun Paracelsus, likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan na ƙarni na 16, wanda ya kasa halittun ɓoye gida huɗu: na ruwa da na iska da na wuta da na ƙasa. Na ƙasar su ne waɗannan gajerun, masu ratsa dutse yadda mutum ke ratsa fili. A ƙarni na 19 ne masu ginin yumɓu na Jamus suka mayar da su gumakan ado, har wani attajirin Ingila, Sir Charles Isham, ya sayo guda 21 a shekarar 1847 ya jera a lambunsa na Lamport Hall. Amma siffar mai hula da gemu ta fi kusa da wanda mutanen Suwidin ke kira tomte, na Nowe da Denmak ke kira nisse. Shi wannan mai gadin gida ne da garke. Manoma kan ajiye masa akushin fate da man shanu a daren jajiberin Kirsimeti, kuma sun yi imani in aka hana shi rabonsa zai huce a kan dabbobi. Duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa ya ji wannan, ya san ba baƙon labari ba ne. Abin da ake ajiye wa abinci don tsoron sharrinsa ne ya rikiɗe, cikin ƙarni biyu, ya zama abin wasan ’yan shekara shida.

Dalilin da ya sa na bi diddigin wannan tarihi shi ne na ci karo da zanen a wurin da ya fi ko’ina dacewa da shi, kuma ya fi ko’ina rashin dacewa, wato Kwatarkwashi, garin dangin mahaifiyata. Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ba ya buƙatar a nuna masa dutsen. Shi ke tare ido tun daga nesa. Manazarta al’ada kuwa sun san shi da abin da ya wuce tsawo. Da sunan Kwatarkwashi ake ambaton Magiro, kuma a nan aka yi bikin Baura da kamun maiki a zamanin da addinin gargajiya ke da ƙarfi. Musulunci ya daɗe da kawar da waɗannan, garin yau garin masallatai ne da makarantun allo da Islamiyya. Duk da haka, ladubban zama da maƙwabtan ɓoye ba su gushe daga bakin tsofaffi ba. Mun tashi ana hana mu yawo a gindin dutse da tsakar rana, da fito da dare, da watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, da daɗewa ƙarƙashin tsamiya ko kuka bayan magariba. Cikin iskokin bori ma akwai Gajere, maharbin dawa mai baka, wanda Tremearne ya ambata tun a littafinsa na 1914. Ke nan yaron Kwatarkwashi ba ya rasa gajerun mazauna dutse da daji. Abin da ya rasa shi ne hotonsu.

Ɗiyar ƙanwata ce ta zo da takardar, tana aji biyu a wata firamare mai zaman kanta a Gusau. Malamarsu ta nemi abin da za ta ba su a darasin zane, ta samo wannan a waya, aka buga mata a shagon kwamfuta, ta sa almakashi ta yanke rubutun Turancin da ke sama, wanda ke ambaton ranar. Ban ga laifinta ba. Hasali ma na yaba da almakashin. Yarinyar ta baje fensiran kala a kan tabarma, ta dubi zanen ta dube ni.

“Kawu, wanga tsoho mutum na ko aljani na?”

Kafin in haɗa amsa kakarta ta miƙo hannu daga bakin ɗaki. “Ke kishiya, kawo in gani.” Ta nisanta takardar da idonta, ta juya ta, ta mayar mata. “Aljanin da yat tsaya anka ɗauki hotonai, ai ba aljani ba na.”

Na karanta kundaye da dama kan iskoki, ban tuna wanda ya taƙaita al’amarin kamar wannan jimla ba. A tunanin Bahaushe, ɓoyuwa ita ce asalin iska. Shi ya sa ake sakaya sunansu da “mutanen ɓoye”. Iska na bayyana a jikin dokinta wajen wasan bori, ko a mafarki, ko a guguwa, amma ba ta da fuska guda da aka amince a kai. Baturen ya iya zana nasa ne bayan ya daina jin tsoronsa. Namu kuwa suna tsakanin abu biyu: wasu har yanzu na tsoronsu, wasu na jin kunyar a ce kakanninsu sun taɓa hulɗa da su. Mai tsoro da mai kunya duk ba sa ɗaukar alƙalamin zane. Ga kuma ƙyamar sūrar abu mai rai da malamai suka karantar, wadda ta karkata hannun Bahaushe zuwa ga zayyanar allo da dagi da zanen ƙwarya da adon bango da ƙunshi, ko da yake malaman sun sassauta a kan kayan wasan yara, bisa hujjar ’yan tsanan Nana A’isha. Da wannan sassauci muka yi ’yar tsanar kara da dokin laka da motar gwangwani ba wanda ya tsawata mana.

Sai kuma launi, kuma a nan ne abin ya fi taɓa ni a matsayin ɗalibin harshe. Yarinyar ta yi wa hular “girin”, ta yi wa rigar “yalo”, takalman “finki”. Kakar na gyara mata daga inda take zaune: algashi, ɗorawa, ruwan hoda. Yarinyar na dariya, a zatonta tsohuwa ce ba ta iya sunayen ba. Hausa na da ja da fari da baƙi a matsayin ginshiƙai, sannan kore da tsanwa da shuɗi da rawaya da shunayya, sannan doguwar ƙofar nan ta “ruwan kaza” da ba ta rufuwa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan ƙwai, har ruwan omo da zamani ya shigo da shi. Kowanne na jingine da wani abu da yaro zai iya taɓawa ko lasa. Wanda ya ce ɗorawa ya tuna garin da ke manne wa leɓe. Wanda ya ce makuba ya tuna daɓe. Dawaki ma da nasu: akawal da kili da hurde. Haka kayan haɗa launin: baba na marina, karan dafi na dukawa, gangamau, farar ƙasa, jar ƙasa, da gawayi da ƙaro na tawadar almajirai. Fensirin kala bai zo da sharri ba, sai dai ya zo da sunansa rubuce a jikinsa, kuma darasin zane ne kusan wuri guda da yaro ke furta sunayen launuka ɗaya bayan ɗaya. In aka yi darasin nan shekara shida da Turanci, algashi ya koma kalmar tsofaffi.

Zuciyar da wadan ke rungume da ita kuwa, yarinyar ta bar ta yadda take, ba ta sa mata komai ba. Na ce mata ba ta gama ba. Ta ce, “Anti ta ce a sa ja, ni ko na ji Kaka na cewa wance farar zuciya gare ta.” A Turai ja ne launin so. A Hausa ja na tafiya da jarunta da tsanani, kamar a jan hali da jan aiki da jan wuya, alheri kuwa fari ne: farar zuciya, farin ciki, farin jini, farar aniya. Kuma ba zuciya kaɗai ke ɗauke da ƙauna a wurinmu ba, tunda aminan da ba sa rabuwa hanta da jini ake ce musu. Yarinyar da ta ce “girin” ita ce ta ƙi jar zuciya. Kalmomin saman harshe sun fara zamewa, amma abin da ke ƙarƙashinsu na nan daram.

Na san akwai masu ganin a hana irin wannan takarda baki ɗaya, saboda ranar da aka yi ta dominta. Ranar 14 ga Fabrairu ba ta da kyakkyawan suna a Arewa, kuma kowace shekara limamai kan yi huɗuba a kanta. Amma ya kamata a bambance. A firamaren Amurka, inda aka fi amfani da waɗannan zane-zane, yaro kan rarraba katin ne ga ’yan ajinsu gaba ɗaya, abin ya fi kusa da ƙawance da abota fiye da soyayyar samari da ’yan mata. Hausa ta raba so da ƙauna da zumunci, kuma tana da ranakun da take koya wa yara na biyu da na uku. Ranar Salla yaro ne ke ɗaukar kwanon tuwo zuwa gidan maƙwabta da gwaggo da inna, ya dawo da goron Salla. A watan Cika-ciki taubasai kan bi juna kuɗin shara, jikoki su tsokani kakanni. ’Yan mata kan ƙulla ƙawance da musayar ’yan kyaututtuka, wani ƙawancen har tsufa. Ƙaunarmu a kwano ake kai ta, da ƙafa. Ba a taɓa mayar da ita takarda ba, shi ya sa malamar da ke neman abin bugawa ba ta same ta a waya ba.

Akwai kuma abin da ba zai yiwu a tsallake ba. Yaran Bunguɗu da Tsafe na yau ba don Gajere ake hana su nisa da gida ba. Tun bayan sace ’yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantun jihar a Satumbar shekarar, duk uwa ta san mai bindiga ne ke dawa. Yaran da ke zuwa itace da kiwo, su dawo da laka da kara da labarin abin da suka gani a kogo, yanzu da yawansu na tsakar gida tun la’asar. Yaron da aka tsare a gida na buƙatar abin da hannunsa zai yi, kuma takarda da fensir sun fi komai sauƙi. Saboda haka takardar launi za ta ci gaba da shigowa, ko mun so ko mun ƙi. Tambayar da ta rage ita ce wane ne zai kasance a kanta.

A nan ne nake ganin nauyin ya faɗo kan fagenmu. Frank Edgar ya wallafa tarin tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni domin ’yan makaranta. Sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, da na Gusau da ke kan hanyar Kwatarkwashin kanta, sun tara kundaye kan Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodo da Ta-kitse, an feɗe jigo da salo da zubi. Amma malamar firamare da ke da minti goma da ’yar data kaɗan ba kundi take nema ba, shafi guda take nema mai baƙin layi da farin fili. Ba na kiran a zana Magiro a raba wa yara. Wannan ba zai karɓu ba, kuma kakar nan ta riga ta faɗi dalili. Taurarin tatsuniya kuwa ba wanda ke yi musu yanka, ba wanda ke jin kunyarsu, kuma su ne ainihin takwarorin wadan Turawa a matsayinsa na yau.

Na gwada abin da ɗan ƙaramin hannu. Na nemi wani ɗalibi mai baiwar zane ya yi mini shafi biyar, a ƙasan kowanne a rubuta sunayen launuka da Hausa. Dutsen da maiki na shawagi a kansa bai ba shi wahala ba. Yarinya ɗauke da kwanon tuwon Salla ma haka, har ya ƙara mata ƙunshi a hannu don a sami wurin sa ja. Ta-kitse ya yi ta fara sol tana laɓe a inuwa. Dodo ya ɗauke shi kwana uku, daga ƙarshe ya zana bayansa kawai, gashi buya-buya yana shiga kogo, abin da na ga ya fi kowace fuska ban tsoro.

A kan Gizo muka tsaya. Shi ya ce ƙafa takwas, tunda gizo-gizo ne. Na ce Gizon da na sani yana noma, yana auren Ƙoƙi, yana zuwa fada da tsamin baki, yana sa riga. Muka kai maganar gaban wasu malamai biyu na sashe, ɗaya ya goyi bayansa, ɗaya ya goyi bayana, aka yi sallar la’asar aka dawo ba a daidaita ba. Shafi na biyar na nan cikin jakata, da sunan Gizo a sama da jerin launuka a ƙasa, tsakiyar fari fat.