Kwalbar Bature a rabon gado

Ambaliyar daminar 2022 ta taɓa kusan kowane gida a ƙasar Haɗeja. Daga Auyo zuwa Kafin Hausa, har Guri da Kirikasamma, kogi ya tumbatsa ya kwanta a kan shinkafa da gero, a cikin gari kuma samari suna kwana ɗura ƙasa a buhuna suna yin jinga. Mu ruwan kogi bai iso mana ba. Ruwan sama ne da damshi suka jiƙa tsohon ɗakin kakanmu har bango ɗaya ya zauna. Garin kwashe kaya aka fito da adakarsa, wadda tun rasuwarsa ba ta shiga rabon gado ba, don kowa yana jin nauyin tayar da maganar.

A ciki akwai riga da asu ya gama da ita, da tasbaha, da takardun haraji, sai abin da muka tashi muna jin labarinsa: kwalbar Bature. 'Yar shafaffiya ce, daidai aljihu. Jikinta gilashi, an naɗe rabin sama da fata, rabin ƙasa kuma yana zaune cikin wani kofin farin ƙarfe da ake zarewa. Kakanmu turare yake zubawa a ciki, har ranar ƙamshin bai gama fita ba.

Labarin gidanmu shi ne azurfa ce zalla, kuma ta wani hafsan Turawa ce da ta faɗi a yaƙin watan Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi tare da ɗimbin jama'arsa. Hujjar Gwaggo ita ce wani ɗan zane a gindin kofin, kakaki ne da tuta rataye a jikinsa. "Kai ɗan nan," in ji ta, "wa ka taɓa gani da kakaki in ba sarki ko mayaƙi ba?"

Malamin da aka kira don rabo shi ya sa maganar ta wuce hira. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ƙwaryar azurfa ko ta zinari ba a amfani da ita, ba a ma ajiye ta, ko ga mace. In azurfa ce, sai a auna nauyinta a yi mata kuɗi. In kuwa ruwan azurfa aka yi wa wani ƙarfe, to nan malamai sun yi saɓani, littafin Muhtasar ma maganganu biyu ya ambata. Ke nan sai an san mene ne kafin a raba.

Ni aka aika wurin wani dattijon maƙerin farfaru, irin waɗanda iyayensu suka narka liyari da tsofaffin sulalla suka ƙera mundaye. Ya juya kofin a tafin hannu, ya nuna mini bakinsa da gefunan da hannu ya daɗe yana shafa. Farin ya koɗe, wani ƙarfe mai ɗan rawaya-rawaya ya leƙo. "Malam, azurfa ko ta tsufa azurfa ce har ciki. Wannan riga aka sa mata." Na ce, "Baba, to wa ya ƙera?" Ya lakato baƙin tukunya ya shafa a gindin, ya goge da gefen rigarsa. Baƙin ya maƙale a cikin ramukan tambarin, rubutun da ido ba ya iya kamawa ya fito raɗau.

Ban da kakakin, akwai ƙananan gidaje huɗu a jere, kowanne da harafi irin mai ƙayoyin nan na tsofaffin Turawa, sai EPNS, sai SHEFFIELD. Haruffan ne suka ba mu wuya, don na farkon ya fi kama da I. Sai da ɗan yayana ya ɗauki hoto da waya muka faɗaɗa, muka yi ta gwadawa da hotunan tambarin maƙeran Ingila, sannan suka karantu: J, D, &, S. James Dixon & Sons ke nan, kamfanin da aka kafa a Sheffield a 1806, mai masana'anta a Cornish Place, wanda ya yi suna wajen butocin shayi, da battocin albarushi na maharba, da irin wannan kwalba. Kakaki da tuta alamar kasuwancinsu ce tun wajen 1879, ba ta da haɗi da soja ko sarauta.

EPNS kuwa ta gaskata maƙeri. Tana nufin ƙarfen gami ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, aka tsoma shi aka liƙa masa azurfa siririya da wutar lantarki, dabarar da gidan Elkington na Birmingham suka yi wa rajista a 1840. Azurfar Ingila ta ainihi, mai kashi 925 cikin 1000, ba maƙerinta ke shaidarta ba, ofishin awo ne. Shi ke buga hoton zaki mai tafiya, da alamar gari: anga ta Birmingham, kan damisa na Landan, kambin sarauta na Sheffield a wancan zamani, da harafin shekara. Kwalbarmu babu ko ɗaya. Jera haruffa gida-gida da masu ruwan azurfa ke yi, a ganina, don mai saye ya hango daga nesa ya zaci hatimin awo ne. Sun ruɗi Turawan ƙasarsu, balle mu.

Da aka gaya wa Gwaggo abin da Turawa ke zubawa a ciki, wato giya, sai ta ja da baya tana a'uziyya. Malam ya kwantar mata da hankali, ya ce gilashi in an wanke ya tsarkaka. Maganar yaƙin ce ba ta saki ba, kuma gaskiya tambarin bai ƙaryata ta ba: abin da aka ƙera bayan 1879 yana iya zuwa Haɗeja a 1906. Amma kamfanin ya ci gaba da buga kakakin nan shekaru da yawa bayan haka. Ni dai ban ga yadda waɗanda aka ci da yaƙi a cikin garinsu za su tsaya tsintar ganima ba. Kakanmu kuma ya yi harkar gyaɗa a Malam Madori, tashar jirgin ƙasan da ya isa Nguru a 1930, inda kantunan Turawa suke a lokacin. Bature in zai koma gida yakan yi gwanjon kayansa ko ya bar wa kuku da boyi. Nan na fi zaton ta fito.

An yi mata kuɗi kaɗan, ta faɗa rabon Gwaggo, ba wanda ya yi jayayya. Roƙona ga duk mai irin wannan kaya a adakar iyaye, kada a dirje shi da toka da yashi don ya yi ƙyalli. Ruwan azurfar tafiya yake yi, tambarin ma ya shafe. A fara ɗaukar hoton gindinsa, sannan a goge da tsumma mai laushi.